Tara fuskoki a hotunan waya: Google Photos, iPhone, Samsung, ko a koma kwamfuta?

Duk wanda ya riƙe babbar waya shekara biyu a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, ya san yadda rumbun hotunanta ke komawa. Hotunan suna da na biki, hawan sallah a ƙofar fadar Lamido, rasit ɗin kaya, sakamakon jarrabawar yara, katunan barka da Juma'a da ake turowa ta WhatsApp, duk a cakuɗe wuri guda. Ranar da Hajiya ta ce a nemo mata hoton marigayi Alhaji wanda aka ɗauka a sunan jikanta, sai a zauna ana jan yatsa a gilashi har shayi ya huce. Wannan wahalar ce ta sa aka ƙirƙiro tara fuskoki. Manhaja ta bi hotunanka ɗaya bayan ɗaya, ta ware na kowane mutum gefe guda, ka taɓa fuskarsa duk su fito.

Manhajar ba ta san kowa ba. Tana fara gano cewa akwai fuska a hoton, ta yanko ta, ta mayar da ita jerin lambobi. Tsarin FaceNet da masu binciken Google suka wallafa a 2015 yana mayar da kowace fuska lambobi 128. Fuskokin da lambobinsu suka yi kusa da juna sai a zuba su rukuni ɗaya. Suna kuwa kai ne za ka zauna ka rubuta, kai ne kuma za ka gyara inda ta haɗa wa da ƙane. Wannan aikin daban yake da buɗe waya da fuska. Wancan makulli ne mai duba fuskar mai waya kaɗai, wannan kuwa yana bin fuskar duk wanda ya taɓa shiga hotonka, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da za a auna

Na farko shi ne inda ake yin lissafin. Ko dai a cikin wayarka, ko a manyan kwamfutocin kamfani bayan hotunan sun hau intanet. Kusan duk sauran bambance-bambancen daga nan suke tasowa.

Na biyu kuɗi, kuma kuɗin kashi biyu ne. Akwai na wurin ajiya, akwai na data. Masu rubutu daga Turai ba sa lissafa na biyun, mu kuwa shi ne ya fi cizo. Hoto guda na wayar yanzu yakan kai mega 3. Mai hotuna 5,000 yana maganar giga 15 ke nan kafin a taɓa bidiyo ko ɗaya. Kowa ya auna da farashin da yake sayen data a MTN ko Orange ko Camtel, ko a Airtel da Moov in yana tsallaken gadar Ngeli, wato a Chadi.

Na uku shi ne yadda take gane fuskokinmu mu, kuma a nan akwai magana. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin wasu manyan kamfanoni uku wajen bambance namiji da mace a hoto. Kuskure a kan mata baƙaƙe ya kai kashi 34.7 cikin ɗari, a kan fararen maza kuwa bai wuce 0.8 ba. A Disambar 2019 hukumar gwaje-gwaje ta Amurka, NIST, ta fitar da rahoto a kan tsare-tsaren gane fuska 189, ta nuna da yawansu sun fi ɗaukar mutum biyu a matsayin ɗaya idan fuskokin na mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas ne. Ba manhajojin hoto na waya aka gwada kai tsaye ba, kuma an samu ci gaba tun daga lokacin, amma tushen matsalar ɗaya ne. Ga kuma namu na gida. Mayafi da hijabi suna rufe gashi da kunne. Niƙabi ba ya barin komai sai ido. Dattijo ya naɗa rawani ya ja amawali har hanci, ɗan acaɓa ya rufe baki saboda ƙurar hunturu. Amarya ta sha kwalliya har ƙanwarta sai ta sake dubawa. Yawancin bukukuwanmu da dare ake yi ƙarƙashin ƙwai ɗaya na janareta. Sannan rabin hotunan ba kyamararka ce ta ɗauka ba, WhatsApp ne ya matse su ya turo, wasu sun bi hannu huɗu kafin su iso.

Na huɗu ɗorewa. Waya tana faɗawa ruwa, ana fizge ta a kasuwa, zafin Maris da Afrilu da ke haura 40 yana kumbura batir. Tambayar ita ce me zai rage. Hotuna abu ɗaya ne, sunayen da ka ɓata dare kana rubutawa abu ne na biyu, kuma ba kullum suke tafiya tare ba. Rubuta sunaye a cikin manhaja kamar gina ɗaki ne a filin aro, ranar tashi ba ya bin ka.

Na biyar, wanda ni na fi ba nauyi, shi ne wa ke riƙe wayar. A wurinmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Yaro ya karɓa zai yi wasa, aboki ya karɓa zai ga hoton mota, a bar ta a rumfar caji in an ɗauke wuta, a kwana da ita wurin mai gyara. Da can mai son ganin hotunan matar wani sai ya yi ta lalube. Yanzu fuskarta na nan a jere da sunanta a ƙasa, taɓawa ɗaya duk su fito, har da waɗanda aka ɗauka a ɗaka ba mayafi.

Google Photos

Ita ce ta fi kusa da hannun yawancinmu, domin takan zo a cikin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung tun daga kwali. An fito da ita a Mayun 2015. Aikin tara fuskoki yana gudana ne a kan hotunan da suka hau asusunka na Google, don haka sai ka kunna ɗora hotuna kafin ka ga amfaninta. Google ya ce ba a kowace ƙasa abin yake samuwa ba, saboda haka fara da shiga saitin manhajar ka ga ko maɓallin tara fuskoki yana nan kafin ka ƙona data.

Wajen ganewa, a nawa ganin ita ce kan gaba. Takan bi yaro daga zanen goyo har ya shiga makaranta, takan gane mutum ko ya juya gefe, kuma ƙarfin wayarka bai dame ta ba tunda ba a cikinta ake lissafin ba. Itel mai ƙaramin ƙwaƙwalwa da Samsung mai tsada sakamako ɗaya za su samu. Tarihinta da baƙar fata dai ba shi da daɗi. A shekarar da ta fito ta laƙaba wa hoton wasu baƙaƙen fata sunan gwaggon biri, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri.

Kuɗi kuwa, zamanin ajiya kyauta ba iyaka ya ƙare tun 1 ga Yunin 2021. Yanzu giga 15 ne kyauta, kuma ana raba su da Gmail da Drive. In suka cika, ba hotuna kaɗai ke tsayawa ba, wasiƙun Gmail ma sun daina shigowa, abin da ya isa ya jawo wa ɗalibi ko mai neman aiki asara. Giga 100 dala 1.99 ne a wata a farashin Amurka, abin da bai kai sefa 1,500 ba. Kuɗin ba shi ne matsalar ba, hanyar biyan ce. Ana son katin banki mai aiki a intanet, mu kuwa kuɗinmu a Orange Money da MoMo yake kwana. Akwai zaɓin rage nauyi da ke matse hoto zuwa megafiksel 16, bidiyo zuwa 1080, kuma ga hotunan iyali ido ba ya ganin bambanci. Duk mai zama a kan na kyauta ya kunna shi.

Wani abin lura shi ne manhajar tana fara ɗora abin da kyamara ta ɗauka ne kawai. Jakar WhatsApp sai ka kunna ta da hannunka. In ka bar ta a kashe, rabin dangi ba za su fito ba. In ka kunna ta gaba ɗaya, gobe za ka tarar da rukunin fuskokin malamai masu wa'azi, 'yan takara, 'yan wasan ƙwallo da wani ɗan fim da ba ka taɓa gani da ido ba, sun tsaya kafaɗa da kafaɗa da mahaifiyarka, sun kuma cinye maka giga. Hanyar da ta fi ita ce ka bar jakar a kashe, ka riƙa zaɓen hotunan iyali kana ɗora su da kanka.

A ɗorewa babu mai kama ta. Waya ta ɓata, ka sayi wata, ka shiga asusunka, hotuna da sunaye duk suna nan, ko da iPhone ka koma. Amma wannan alherin yana rataye ne da abu ɗaya, wato asusun naka ne da gaske. Mutane nawa ne a kasuwar Garwa yaron shagon waya ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi wayar, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, wataƙila ma lambarsa ya sa ta dawo da asusu? Mai irin wannan asusun in ya kunna ɗora hotuna ya miƙa wa wani makullin ɗakinsa ne, in kuma wayar ta ɓata shi kansa ba zai iya shiga ba. Kafin komai a canza kalmar sirri, a sa lambar da ke hannu. A kuma tuna cewa tun Disambar 2023 Google yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Wannan ya shafi hotunan mamaci da ke cikin asusunsa.

Haɗarinta na asali shi ne samfurin fuskar kowa yana hannun kamfani. Google ya ce rukunan da sunayen kai kaɗai ke ganin su, kuma in ka kashe maɓallin ana goge su. Duk da haka a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 100 a jihar Illinois ta Amurka don kashe ƙarar da aka shigar a kan wannan fasahar, bisa zargin tara bayanan fuska ba da izinin da dokar jihar ta gindaya ba. Facebook ma a Nuwambar 2021 ya rufe nasa tsarin gane fuska, ya ce zai goge samfurin fuskar mutum fiye da biliyan ɗaya. Chadi tana da dokar kare bayanan mutum tun 2015, Kamaru ta samu tata a Disambar 2024, amma a aikace ba na ganin wani daga Kuseri zai ja da kamfani irin wannan a kotu. Abin da ke hannunka shi ne maɓallin. Akwai kuma batun rezo, wato samun hanyar intanet. Mutanen Njamena ba su manta da watanni 16 da aka toshe kafafen sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 ba. Duk abin da ka ajiye a intanet kaɗai, ka goge na cikin waya don samun fili, ranar da hanya ta toshe sai haƙuri.

Ga masu ƙananan wayoyi akwai ƙanwarta, Gallery, wadda Google ya ƙaddamar a Najeriya a Yulin 2019 da sunan Gallery Go. Nauyinta wajen mega 10 ne, tana aiki ba intanet, tana karanta katin memori. Tana rarraba hotuna kashi-kashi, amma ba ta ajiye maka komai a waje, kuma ba ta kai yayarta ido ba.

Hotunan iPhone

Apple ya kawo kundin mutane a 2016 tare da iOS 10, ya kuma zaɓi a yi lissafin a cikin wayar. Ba ka buƙatar data ko mega ɗaya kafin fuskoki su taru. Sharaɗin shi ne wayar tana yin aikin ne idan tana kulle kuma tana kan caji. A unguwar da wuta ke zuwa ta tafi, ko ga mai cajin rumfa da ke zare waya da ta cika, sabuwar waya mai tarin hotuna za ta ɗauki kwanaki kafin ta gama. Ba lalacewa ta yi ba.

Ganewarta mai kyau ce, kuma tana da taka-tsantsan. Ta fi son ta raba mutum ɗaya gida biyu ta bar ka ka haɗe, a kan ta cusa baƙo cikin rukuninsa. A bayanin da injiniyoyin Apple suka wallafa a 2021 sun ce ban da fuska tsarin yana duba ƙirji da kafaɗu, wato tufafin da mutum ya sa, don ya gane shi a hotunan taro ɗaya ko ya juya baya. Dabara ce mai amfani a inda kowa ke sa kayansa daban. A bikin da ƙawayen amarya goma sha suka fito da anko iri ɗaya, ɗinki ɗaya, ɗaurin kallabi ɗaya, tufafi ba ya bambance kowa, don haka hotunan biki su ne suka fi son a bi su da ido a gyara.

Kuɗin farko shi ne wayar kanta, ko ta hannu ce. Wurin ajiya na iCloud giga 5 ne kawai kyauta, wanda bidiyon walima ɗaya zai iya lashewa. Giga 50 dala 0.99 ne a wata a Amurka, da irin matsalar katin da aka ambata. IPhone ba ta karɓar katin memori. Ma'ana, wanda ba ya biyan iCloud kuma ba ya kwafe wayarsa a kwamfuta, hotunansa da sunayensa duk a aljihu ɗaya suke, ɓarawo ɗaya ya ishe su. Mai biya kuwa sunayen suna bin sa zuwa sabuwar iPhone. Ranar da ya koma Android za a iya kwashe hotuna, rubuta sunaye kuwa sai a sake daga farko. Mai sayen ta hannu ya tabbatar tsohon mai ita ya cire asusunsa a gabansa.

Wajen sirri ita ce ta fi kwantar da hankali a cikin manyan ukun. Tun iOS 16 na 2022 kundin ɓoyayyun hotuna ba ya buɗewa sai da fuska ko yatsa ko lambar wayar. Akwai kuma damar ce mata ta rage nuno wani mutum. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Waɗannan manhajojin suna son haɗa maka tunawa da baya da kiɗa, su turo da safe ba ka tambaya ba. Matar da ke takaba, ko mutumin da aurensa ya mutu bara, ba ya buƙatar waya ta zaɓar masa ranar da zai ga fuskar. Google Photos ma tana da irin wannan saitin na ɓoye fuska.

Galarin Samsung

Tana tara fuskoki a cikin wayar, ba data, ba asusu. Ka shiga wurin bincike za ka ga fuskokin a zagaye, ka sa musu suna. Ba ta kai biyun farko ido ba, musamman a hoton dare da na yara, kuma a ƙananan samfura takan yi nawa. Amfaninta shi ne ba ta cin ko sisi, kuma yawancin samfuran A masu araha suna karɓar katin memori. Sai dai in ka ciro katin ka sa a wayar wani kamfani, hotuna za su zo, sunaye ba za su zo ba. A 2021 Samsung ya rufe ajiyar hotuna a rumbunsa na intanet ya tura mutane OneDrive na Microsoft, mai giga 5 kyauta, wanda ya isa ya nuna cewa tsarin ajiyar kamfani yana iya sauyawa a ƙarƙashinka. Abin da na fi yaba mata shi ne amintacciyar jakarta mai makulli daban. Hoton da ka mayar can ya fita daga galari gaba ɗaya, ba zai fito a rukunin fuskar kowa ba.

Ente da digiKam

Waɗannan ba su zo da waya ba, sai an nemo su. Ente manhaja ce ta Android da iPhone da kwamfuta wadda ke kulle hotuna tun a wayarka kafin su hau intanet, ta yadda kamfanin kansa ba ya iya ganin su. Gane fuska a wayarka ake yi, sakamakon kuma yana bin ka a kulle zuwa kowace waya. Tana ba da giga 10 kyauta. A takarda ta haɗa alherin Google da na Apple. A aikace tana cin data kamar Google, tana wahalar da ƙaramar waya har ta yi zafi yayin da take bin hotunan, kuma in ka manta kalmar sirri ka kuma yar da jerin kalmomin dawo da asusu da ta ba ka ranar farko, babu ofishin da zai buɗe maka. Kamfanin ƙarami ne in aka kwatanta da waɗancan, don haka a riƙe kwafi na biyu a gida.

DigiKam ta kwamfuta ce, kyauta, tana aiki a Windows da Linux da Mac. Bayan saukar farko ba ta neman intanet. Tsofaffin masu ɗakin hoto da suka saba da manhajar hotuna ta Picasa kafin Google ya daina ta a 2016 za su gane hanya da wuri. Tana da abin da sauran ba su da shi. Ana iya saita ta ta rubuta sunan mutum a cikin bayanan hoton kansa, ya zama duk inda fayil ɗin ya je sunan yana jikinsa. Ba ta da sauƙi, allonta cike yake da maɓallai, kuma kwamfuta tana son wuta, faifan ajiya kuma yana mutuwa ba sallama. Mai wannan hanyar ya sayi faifai biyu.

| Zaɓi | Inda ake lissafi | Ajiya kyauta a intanet | Cin data | In waya ta ɓata | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Google Photos | Kwamfutocin Google | Giga 15, tare da Gmail | Mai yawa | Hotuna da sunaye suna dawowa | Asusun da wani ya san kalmar sirrinsa |
| iPhone | Cikin waya | Giga 5 | Babu, sai an kunna iCloud | Suna dawowa ga mai iCloud ko kwafi kawai | Komai a waya ɗaya |
| Galarin Samsung | Cikin waya | Babu tata | Babu | Sai abin da aka kwafe a wani wuri | Sunaye ba sa ƙaura |
| Ente | Cikin waya | Giga 10 | Mai yawa | Hotuna da sunaye suna dawowa | Mantuwar kalmar sirri |
| digiKam | Kwamfutarka | Babu | Babu bayan saukarwa | Bai shafe ta ba | Mutuwar faifai |

Wa ya dace da wanne

Magidanci ko uwargida mai Tecno ko Infinix, wanda babban tsoronsa shi ne hotunan yara da na iyaye su salwanta, ya ɗauki Google Photos. Ya fara da gyara asusu, ya kunna rage nauyi, ya hana ta ɗora bidiyo da datar waya, ya bar ɗorawar farko sai inda ya samu wayfay ko garaɓasar dare. Giga 15 za su daɗe in hotuna ne zalla. Hotunan ɗaka kuwa kada su shiga wannan lissafin ko kaɗan. Manhajar tana da jaka mai makulli, a mayar da su can.

Wanda wayarsa ke yawo hannu-hannu, kamar mai shago da ke nuna wa abokan ciniki kaya a waya, ko matar da kishiyoyi da ƙannen miji ke aron wayarta, shawarata ita ce kada ya rubuta sunan kowa, in ma da hali ya kashe tara fuskokin. Kundin da ka haɗa da hannunka, na yara daban na kaya daban, ya ishe ka, kuma ba ya tona abin da ba ka yi niyya ba. In Samsung ce, amintacciyar jakar ta rage maka rabin damuwa.

Mai iPhone ba ya buƙatar ƙara wata manhaja don fuskoki, abin da ke ciki ya isa. Abin da yake buƙata shi ne wurin kwafi. In zai iya biyan giga 50, shi ke nan. In ba zai iya ba, ko dai ya riƙa jona ta da kwamfuta duk wata, ko ya sa Google Photos a matsayin ma'aji kawai ya bar maɓallin fuskokinta a kashe.

Ɗan jarida, ma'aikacin agaji da ke ɗaukar hoton 'yan gudun hijira a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, ko duk wanda fuskokin da ke wayarsa za su iya jawo wa masu su fitina, kada ya bar kowace manhaja ta jera su da sunaye a wayar da yake bin shingen bincike da ita. Ya kwashe su zuwa Ente ko kwamfuta, ya share na cikin wayar har da kwandon shara, domin iPhone tana riƙe abin da aka goge kwana 30, Google Photos kuma har 60.

Mai ɗakin hoto da ke bin bukukuwa daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya a Garwa, wanda uwar amarya za ta dawo masa bayan shekara uku ta ce Malam a fitar mata da duk inda ta fito, digiKam ce tasa. Hotunan ba na iyalinsa ba ne, amanar mutane ce, bai kamata ya ɗora fuskokin matan wasu a asusunsa na Google ba tare da sun sani ba. Ya ware kowane biki a jakarsa da kwanan wata, ya kunna rubuta suna a cikin fayil, ya kuma roƙi masu turo masa hoto ta WhatsApp su turo a matsayin takarda, don ya iso da cikakken nauyinsa da ranar da aka ɗauke shi.